Maiwa a Ledar Gero

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yau kwana talatin da huɗu da rasuwar Baba. Masu gaisuwa sun ragu. Inna tana takaba a ɗakinta, ni kuma ina zaune a bakin ƙofarta tun safe, ba don ina da wani aiki a wurin ba. Wannan littafin na saye shi ne don in riƙa rubuta sunayen waɗanda suka zo ta'aziyya. Na rubuta shafi biyu na gaji.

Yaya Abdulbasit ya zo daga Kano da rana. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce in ba shi makullin siton iri. Na bi shi muka shiga. Komai yana nan yadda Baba ya bar shi: buhuna jere tun daga bakin ƙofa har bango, tiyarsa ta awo a kife a kan na farko. Shekara talatin yana zaɓen iri yana sayar wa manoman yankin nan, bai taɓa rubuta komai a jikin buhu ba. Gero ya ɗaure bakinsa da kaba, maiwa ya ɗaure da igiyar rama, shi ke nan. A gidanmu ko Inna da ba ta shiga siton ta san wannan.

Yaya ya zagaya, ya ce Baba ya zauna a kan arziki yana jiran mutane su zo da ƙafarsu. Ya ce bana duk arewacin Kano sai ta ji sunan Malam Mati. Na ce to.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yaya ya dawo da samfurin leda. Fara ce mai tsawo, tana cin tiya ɗaya. An buga hoton Baba a jiki, wanda ke kan katinsa na zaɓe, inda ya runtse ido saboda rana. A ƙasa an rubuta da manyan baƙi: IRIN MALAM MATI, GERO MAI SAURIN NUNA. Ya ce dubu biyu ya sa aka buga.

Ya tambaye ni ya na gani. Na ce ya yi. Kwanan nan duk abin da aka tambaye ni, ya yi.

Ni ce zan riƙe waya da oda, tunda ni ce mai NCE ɗin da ba ta da aiki. Lambar Baba za a sa a tallar don mutane sun saba da ita.

Lahadi, 11 ga Mayu

Sadakar arba'in. Malam Khalilu ne ya ja addu'a. Abokin Baba ne tun suna samari, shi ke karantar da yaran unguwarmu allo. Gonarsa ɗaya ce, ƙarama, a bayan makabarta, ga baki goma sha ɗaya a gidansa. Kowace shekara rumbunsa yana ƙarewa ne daidai lokacin da geron Baba ke nuna, shi ya sa ba ya wasa da irin.

Da zai tafi ya tsaya a zaure ya aika a kira ni. “Aina'u, a ajiye mini tiya huɗu kamar kullum.” Na ce in sha Allahu. Ban rubuta ba. Malam Khalilu ai ba mutumin da ake rubutawa ba ne.

Laraba, 14 ga Mayu

Yaya ya kawo maza uku daga Ungogo da janareta da injin liƙe leda. Za su juye buhunan a baho, su cuɗa da jan maganin nan na kare iri daga ƙwari, su zuba a ledoji.

Ina zaune wajen Inna ina jin su. Ba kwance ɗaurin suke yi ba, da wuƙa suke yankewa don sauri. Ya zo mini a rai in tashi in ce musu na kaba daban, na rama daban. Sai na ce ai Yaya ya sani, ɗan gidan ne. Na ce bari dai in tashi. Inna ta nemi ruwan alwala, na kawo mata, na koma na zauna.

Janaretan ya yi ta kuka har la'asar.

Asabar, 17 ga Mayu

Sun gama. Tsakar gida duk ta yi ja, an kulle kaji kada su tsinci mutuwarsu. An jera ledojin tsibi-tsibi a sito, waɗanda aka fara cikawa a bakin ƙofa, na ƙarshe can ciki. Duk inda na juya Baba yana runtse mini ido.

Yaya ya kwashi na bakin ƙofa ya ɗauki bidiyo da su, sannan ya ba Kawu Hashimu, ƙanin Baba, ya ce su za a shuka a gonarmu ta gado.

Litinin, 19 ga Mayu

An fara tallar a rediyo bayan labaran safe. Da kalangu da komai. Wani mai zaƙin baki yana cewa irin Malam Mati, kwana saba'in da biyar ka ci sabon tuwo, a kira wannan lamba. Bai ce marigayi ba.

Kafin ya rufe baki wayar ta fara ruri a cinyata. Na farko daga wajen Kazaure yake, ya ce a ba shi Malam Mati su gaisa. Na ce ya rasu. Ya yi salati, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce a ajiye masa tiya goma. Yau sau bakwai na faɗa wa baƙi cewa ubana ya rasu. A na biyar ɗin har ina tauna gyaɗa.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ban san adadin kiran ba. Wayar Baba ce, tsohuwa, cajinta ba ya kai azahar, wuta kuma rabonmu da ita tun azumi. Ina kai ta shagon caji a bakin titi, kafin in karɓo ta an kira sau arba'in. Wasu da suka samo lambar Yaya saƙon murya suke tura masa, shi kuma yana Kano, sai ya tuna ya kira ni ya ce wani daga wajen Ɗanbatta yana son tiya shida, ko takwas, ya manta sunan.

Ina rubutawa a duk abin da hannuna ya taɓa. Bayan kalanda, kwalin ashana, jikin ƙofar sito da gawayi. Akwai Muhammadu Sani biyu, ɗaya na Rijiyar Malam, ɗaya na Dinyar Gabas. Na ba na farko kayan na biyu. Na biyun ya zo a babur cikin rana ya zazzage ni tas, har ya ce da Mati yana raye da ba a yi masa haka ba. Gaskiyarsa. Na tsaya ina kallon bakinsa yana motsi.

Ashe kuma a tallar an ce za a kai wa mutum har ƙofar gidansa. Ni ban ji wannan ba sai daga bakin masu kira. Na tambayi Yaya da wace motar. Ya ce kada in damu, talla haka ake yinta, sai ka fara tara mutane sannan ka san yadda za ka yi da su.

Lahadi, 25 ga Mayu

Kasuwar Ɗanbatta. Yaya ya ɗauko Badaru mai a-kori-kura, suka ɗaura lasifika, suka loda ledoji suka tafi. Kafin la'asar sun dawo babu ko ɗaya. Yaya sai murna, ya sayo wa Inna tsire da lemo, yana ba ta labarin yadda mutane suke ture juna. Inna ta ce Allah ya sa albarka, ta tura mini tsiren.

Abin da suka loda ɗin nan, rabinsa na waɗanda suka yi oda ta waya ne, waɗanda na ce wa su zo gobe. Babu wanda ya tambaye ni kafin a loda. Ni ma ban fito na ce komai ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Zuwan Malam Khalilu na uku ke nan. Yana zuwa ya tarar da babura cike da ƙofar gida, ya tsaya gefe ƙarƙashin darbejiya, ya gaji ya tafi. Yau na ce wa Yaya a sallame shi, shi da sauran maƙwabta. Yaya ya ce in fara da na nesa, su ne suka ƙona mai suka zo, su ne za su kai sunanmu gaba.

“Na gida ai ba sa gudu,” in ji shi.

Malam ya ji. Ya yi murmushi ya ce ba komai, ruwa ma bai sauka ba tukuna.

Talata, 3 ga Yuni

Tsibi na ƙarshe, na can jikin bango. Shi aka raba wa mutanen unguwa da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da mu, waɗanda suka yi haƙuri suka jira. Na miƙa wa Malam Khalilu huɗunsa da hannuna. Ya daɗe yana kallon ledar. Ya ce Mati bai taɓa son hoto ba. Ya sa su a buhu ya saɓa a kafaɗa.

Sito ya zama wayam, sai leda uku da bakinsu bai liƙu da kyau ba. Na share, na kulle.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Sallah. An yi layya. Na ci nama.

Laraba, 11 ga Yuni

Ruwan shuka ya sauka jiya da yamma, mai yawa. Yau gari babu kowa, duk ana gona. Waɗanda suka yi binne tun makon jiya suna ta hamdala. Wayar ta yi shiru karo na farko, har na duba ko ta mutu.

Alhamis, 19 ga Yuni

Kawu Hashimu ya zo da hantsi neman maiwa. Kowace shekara yana shuka ta a fadamarsa bayan ya gama da gero. Ya ce in auno masa tiya uku daga cikin na ɗaurin rama.

Na ce sito babu komai. Ya ce ai buhu goma sha biyu Baba ya ajiye, shi ya taya shi jerawa a jikin bango, kuma bai ji an ce wani ya sayi maiwa bana ba. Na ce babu wanda ya saya. Ya ce to ina take.



Leda iri ɗaya aka buga. Duk dubu biyun gero aka rubuta. Na ɗauko ɗaya daga cikin ukun da suka rage, na zuba a kwano na wanke har jan ya fita, na kai wa Inna a tafin hannuna. Ko gilashi ba ta sa ba. “Maiwa ce,” ta ce.

Kawu ya zauna a kan turmi. Ya ce wannan ba za ta fitar da kai ba sai kaka ta yi nisa, a jigawar nan kuma in ruwa ya ɗauke da wuri ko kan ma ba lallai ta cika ba. Ya ce duk wanda ya shuka ta da niyyar gero, zai shiga Agusta da Satumba hannu biyu. Tsiron kuma yanzu ba a bambance shi, sai lokaci ya yi a ga wani ya yi ciki wani bai yi ba.

Buhunan rama su ne na jikin bango. Su aka cika a ƙarshe. Na san wa aka ba na ƙarshe.

Abin da na ji a jikina shi ne ƙafata ta dama ta yi sanyi. Shi ke nan. Na je na wanke kwanon da toka sau uku saboda maganin.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na kira Yaya. Da farko ya ce wace rama, wace kaba. Ya bar gida yana ɗan shekara goma sha biyu zuwa makarantar Dawakin Tofa, daga can bai sake zama ba, wallahi ya manta. Daga baya ya gane.

Sannan ya fara magana da sauri. Wai ba mu da tabbas, wataƙila leda kaɗan ce. Wai yanzu aka sa sabuwar talla ta irin wake, in wannan magana ta fita sunan Baba ya mutu. Wai in ba shi kwana biyu ya yi tunani. Ya ce ya riga ya roƙi Kawu, ni ma yana roƙona, kada in faɗa wa kowa tukuna.

Kawu ya ce in an sake shuka gero kafin watan nan ya ƙare zai iya kamawa. Bayan nan sai dai addu'a.

Na ce wa Yaya to.

Litinin, 23 ga Yuni

Na bi ta bayan makabarta zan je caji. Malam Khalilu yana noman firi, ya ɗaure rawaninsa a ƙugu. Shukarsa ta fito shar, layi-layi. Ya ɗago ya ce in gaya wa Inna irin Mati bai taɓa tsirowa da kyau kamar bana ba.

Na ce za ta ji. Na gaishe shi da aiki. Na wuce.

Alhamis, 26 ga Yuni

Kwana biyun Yaya sun zama shida. Ba ya ɗaga waya sai ya ga dama. Ni ma ban matsa ba.

Lahadi, 29 ga Yuni

Barci nake yi da rana kamar wadda aka yi wa allura.

Talata, 1 ga Yuli

Inna Maimunat, matar Malam Khalilu, ta shigo gaida Inna. Cikin hira ta ce sun sayar da akuyarsu mai ciki sun sayi takin zamani rabin buhu, jiya Malam ya zuba shi duka, tunda shukar ta yi kyau ya ce gara a ƙarfafa ta. Ta ce rumbu saura abin da ba zai wuce mako biyar ba, amma Alhamdu lillahi gero na hanya.

Bayan ta fita Inna ta daɗe tana jan carbi. Ba ta kalle ni ba ta ce: “Ni Allah ya hana ni fita. Ke me ya riƙe ƙafarki?”

 

Laraba, 2 ga Yuli

Na je wajen Malam Khalilu da safe bayan ya tashi masu karatu. Na durƙusa a ƙofar zaure na faɗa masa duka: wuƙar, ledojin, tsibin jikin bango. Muryata tana fita daidai kamar ina karanta wasiƙar wani.

Bai katse ni ba. Da na gama ya yi innalillahi a hankali. Ya shiga gida ya fito da ɗan abin da ya rage masa a gindin leda, ya wanke a buta, ya duba. Ya ce lallai. Ya ce shi ma da ya wanke tun farko da ya gani, amma wa zai wanke irin Mati.

Sai ya tambaye ni: “Tun yaushe kika sani?”

Na so in ce jiya. Na ce kwana goma sha uku.

Ya ƙirga a yatsunsa, ina kallo. Ya kai inda yake so ya kai, ya sauke hannun. Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi so. Ya ce in tashi ƙasa da sanyi, in gaida Inna.

Asabar, 5 ga Yuli

Kwana uku ina yawo. Kawu ya ɗauke ni a babur, ya ce shi ma shirunsa ya ishe shi. Matsalar ita ce ban san kowa da kowa ba. Babu inda na rubuta wanda ya karɓa daga wane tsibi. Kalandar ta yage, gawayin jikin ƙofa ruwa ya wanke. Gida talatin da ɗaya na iya tunawa, kuma buhu goma sha biyu sun fi ƙarfin gida talatin da ɗaya. Akwai mutanen da suke can suna noma maiwa suna yi mata kirarin gero, ba ni da hanyar samunsu.

Wata tsohuwa a Rijiyar Malam ta tofa mini yawu a gefen ƙafa. Wani ya ce sai ya kai mu wajen dagaci, kuma ya kai. Wani ya ba ni ruwa na sha ya ce ƙaddara ce. Duk ɗaya suke shiga kunnena.

Irin gero na gaske kuma ba mu da ko ƙwaya, duk mun tura shi nesa. Kawu ya fasa rumbunsa ya raba abin da ya samu. Malam Khalilu ya karɓi tiya ɗaya, ya tuge kusurwar gabas ya sake shukawa. Sauran ya ce ba zai iya tuge abin da ya ci akuyarsa ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Yaya ya zo, dagaci ne ya kira shi. An zauna, an yi magana, ya ba da haƙuri, an tsayar da tallar wake. A gida ya kunna mini saƙon wani mutum daga wajen Kazaure yana yabon geron, wai bai taɓa ganin irinsa ba. Ya kunna sau biyu. Ya ce in ji, ai kayanmu masu kyau ne, tallar ta yi aiki.

Na ce ta yi.

Daga baya na leƙa na gan shi zaune a ƙasa cikin siton, ya tsinci guntun igiyar rama yana jujjuyawa. Ya rame. Ban shiga ba.

Litinin, 4 ga Agusta

Gero ya fitar da kai ko'ina. Gonarmu ta gado har ta fara bununi. Gonar Malam Khalilu ta fi kowacce tsawo da duhun ganye, in kana kan hanya sai ka ce ita ce zakara a garin. Babu kai ko ɗaya. Kusurwar da ya sake shukawa tana nan iya gwiwa, marka ta danne ta.

Mutane uku da ban sani ba sun kira yau, sai yanzu suka gane. Ɗaya ya ce a ba shi Malam Mati.

Alhamis, 7 ga Agusta

Inna ta fita takaba. Ta yi wanka, ta sa sabon zane, 'yan uwa suka taru. Kafin ta je gidan kowa ta ce in raka ta gidan Malam Khalilu. Ta shiga wajen Inna Maimunat, ni na tsaya a tsakar gida. Tukunya ɗaya ce a murhu, kuma tafasa ce a ciki, ganye zalla. Na gani, na kau da kai.

Laraba, 20 ga Agusta

Ƙanshin tumu ya cika gari. Kowane lungu ana gasawa.

An daina karatun safe a zauren Malam. Na tambayi Kawu, ya ce ƙwadago yake zuwa gonar wani Alhaji a hanyar Ɗanbatta, tun asuba har azahar, a biya shi da hatsi. Mutumin da ya haura sittin, wanda ya koya wa rabin garin nan Fatiha. Har da ni.

Talata, 2 ga Satumba

An yanke geronmu ranar Asabar. Ya yi kyau, abin haushi. Yau da safe na sa Badaru ya ɗora dami huɗu a mota muka kai gidan Malam. Ban yi shawara da kowa ba.

Ya fito ya ga damman a ƙofar zaure. Jikokinsa sun riga sun kewaye su suna taɓawa. Ya dube su, ya dube ni, na ga yana auna abin a ransa. Ya ce wa Inna Maimunat ta sa a shigar. Ya yi godiya, ya yi addu'a cikakkiya, ya sa wa Baba a ciki. Har na miƙe sai ya ce:

“Shekara ashirin da shida ubanki bai taɓa ba ni sadaka ba, Aina'u. Iri yake ba ni.”

Ya ce baɗi in Allah ya kai mu kada in wahalar da kaina da ajiye masa komai, ya yi magana da Hashimu. Da ladabi ya faɗa. Ya raka ni har bakin mota.

Na gida ma suna gudu, a hankali dai suke yi.

Da azahar Yaya ya kira. Ya samo wanda zai ba mu irin albasa da tumatir na noman rani, yana so a fara talla tun yanzu don a wanke sunan. Na ce a'a. Na ce babu wata talla sai ranar da ni na ce sito ya shirya: kowane buhu da rubutu a jikinsa, kowace leda da lambar buhun da ta fito, littafi ɗaya, waya mai riƙe caji, kuma na gida a gaba. Na ce in ya sa lambar Baba a rediyo ban sani ba zan cire layin in jefa a rijiya. Ya yi dariya ya ce yaushe na zama manaja. Ni ban yi ba. Ashe da ƙarfi nake magana, har Inna ta leƙo.

Na wuni a sito ina shara, ina ware wurin da sabon iri zai zauna. Babu wanda ya sa ni. Wajen la'asar sai ga ruwa yana zuba daga idona, ya ƙi tsayawa, har na zauna a ƙasa na toshe bakina da mayafi kada Inna ta ji. Ƙaiƙayin gero ne, ina jin. Bana yana da ƙarfi.

Gobe zan koma Rijiyar Malam. Akwai gida biyu da na tuna.